YADDA MUKA KAFA TARON ALLURA DA ZARE A UNGUWARMU

Mutane da dama sun tsare mu a hanya, waɗansu a ƙofar masallaci, waɗansu a wurin suna ko biki, suna tambayarmu labarin taron ɗinkin nan da a ke yi ran Alhamis a zauren makarantar allo ta unguwarmu. Waɗansu sun aiko daga Asawase, waɗansu daga Sabon Zongo, har wata wasiƙa ta zo mana daga Nima, duka suna so su ji yadda aka fara ko su ma su kafa nasu. To, da ya ke baki ɗaya ba ya isa ko'ina, muka ga gara mu rubuta a cikin wannan takarda tamu, wanda bai iya boko ba ɗansa ya karanta masa. Za mu faɗi abin da ya yi kyau, mu kuma faɗi inda muka yi tuntuɓe, don kada na baya su faɗa ramin da muka faɗa.

Mafarin abin riga ce. Bayan Babbar Salla ta 1445, watau 2024, mutanen wani gida a nan unguwa suka buɗe adakar kakansu wanda ya rasu tun da daɗewa, suka fito da babbar rigarsa. Saƙi ce, an yi mata aiki da zaren tsamiya, aska takwas a gaba, da tambari a ƙirji da kuma baya. Tsofaffin gidan sun ce a kan jaki ta zo daga ƙasar Hausa, ta biyo ta Salaga. Mu dai ba a gabanmu aka yi ba, amma duk wanda ya ɗaga ta ya ji nauyinta ya san ba ta zamanin nan ba ce. Sai dai asu da laimar ƙasar nan sun ci bakin aljihu, aska biyu sun zube, sai zare yana reto. Nufinsu a gyara ta jikan marigayin ya sa ran ɗaurin aurensa.

Aka ɗauki riga aka shiga Alabar, aka bi teloli rumfa rumfa. Kowane ya duba sai ya ce shi sai dai ya hau ta da keke. Keke kuwa in ya hau tsohuwar saƙi irin wannan, ƙarasa ta zai yi. Kwana uku ana yawo, kāna wani mai sayar da huluna ya kwatanta musu gidan wani tsoho, ya ce in shi bai iya ba, to, su naɗe rigarsu su mayar adaka.

Muna cikin waɗanda suka raka su. Muka tarar da tsohon a bakin ƙofarsa bisa buzu. Bayan gaisuwa aka shimfiɗa masa riga a cinya, aka ce, "Baba, ko za ka taimaka mana?" Bai amsa ba tukuna. Ya bi ta da tafin hannu tun daga wuya har bakin aljihu, yana ƙirga askake da yatsa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, wanda ya yi wannan aiki ya san Allah ya yi masa baiwa. Hannuna yana nan, zanen kuma yana cikin kaina, amma idon ya tafi. Yau shekara shida ban ga kafar allura ba." Muka ce, "Baba, ba ka koya wa kowa ba?" Ya ce yara uku ya koya wa. Ɗaya ya rasu, ɗaya yana tuƙin babbar mota a Tema, ɗaya kuwa yana Italiya, ko wasiƙa ba ya aikowa.

Da muka fito ba wanda ya ce uffan sai da muka kai bakin titi. A nan ne wata dattijuwa cikinmu ta ce, "To, in shi yana da kai ba ido, ai mu muna da ido ba kai. Me zai hana a haɗa?"

INDA SANA'AR TA SHIGA

Ya kamata yaranmu su san cewa wannan aiki ba baƙo ba ne a Zongo. Kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja ba hannu wofi suka zo sayen goro ba. Sun zo da kanwa, da fatu, da shanu, da riguna da wanduna masu aiki, suna bayarwa suna karɓar goro. Wani Bature mai suna Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da Musulmi a zaune a garin, suna ciniki, suna da daraja a fadar Sarkin Tonawa. Da yaƙin basasa ya watse kasuwar Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi, da Yeji, da Kintampo, da Kumasi, da bakin teku, kowa da sana'arsa a jaka. Galibi malamai da manyan almajirai su ne maɗinka. Malami yana zaune a zaure yana sauraron karatun yara, hula ko wuyan riga yana hannunsa yana ɗinki, da haka ya ke cin abinci ba tare da ya roƙi kowa ba.

Abin da ya fara karya sana'ar shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba 1969, sa'ad da aka ba duk wanda ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasa. Tsofaffinmu suna tunawa da zaurukan da suka wayi gari a rufe. Cikin waɗanda suka tafi har da gwanayen ɗinki, kuma ba su komo ba. Bayan wannan sai keken aiki ya zo, wanda ya ke gama wuyan riga a yini guda. Bayansa gwanjo ya cika kasuwa. Yanzu kuma ga injin da kwamfuta ke sarrafawa, a danna masa kawai ya zuba aiki shi kaɗai. Ba mu zargin telan da ya sayi keke, shi ma iyali gare shi. Laifinmu ne mu da muka ga sana'ar tana mutuwa muka yi shiru.

Ku dubi maƙwabtanmu. Masaƙan Bonwire sun riƙe kente ɗinsu, uba ya koya wa ɗa, har a watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa kente cikin jerin al'adun duniya da a ke kiyayewa. Mutanen Daboya da Tamale sun riƙe batakarinsu, ga shi shugabanni suna sa shi a manyan taro. Mu kuwa ran Salla kowa ya ɗora hula, amma in ka tambaya, daga Kano ko Maiduguri aka kawo ta, wata ma daga ƙasar Sin.

NEMAN IZINI

Ba mu fara da sayen zare ba, da gaisuwa muka fara. Muka je wurin Magajiya, ita ta kai mu wurin mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da liman. Wanda duk zai kafa irin wannan taro kada ya tsallake wannan mataki, ko da yana ganin ɓata lokaci ne. Matar aure ba za ta fito kowane mako ba sai mijinta ya san inda za ta, kuma maigida ya fi sakin jiki in daga bakin liman ya ji labarin.

Ba a rasa masu ja ba. Wani dattijo ya ce aikin riga na maza ne tun kaka da kakanni, bai taɓa jin mace ta ɗinka aska takwas ba. Gaskiyarsa ta wani gefe, da can haka abin ya ke. Amma muka gaya masa cewa a birnin Zariya kansa, inda aikin ya yi suna, mata sun daɗe da karɓar ɗinkin manyan riguna suna yi a cikin gidajensu, har a 1994 waɗansunsu suka haɗu suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina, ana sayen aikinsu a ƙasashen waje. Muka kuma gaya masa cewa wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello, David Heathcote, ya yi shekaru yana bin maɗinkan Hausa yana rubuta zanensu, har ya kai kayan London aka baje su a 1976 Turawa suna kallo. In baƙo ya ga darajar abin har ya adana, ina dalilin da za mu hana 'ya'yanmu mata su koya, alhali kuwa mazan sun bari? Dattijon bai ce ya yarda ba. Amma a mako na uku sai ga jikarsa ta zo da allurarta.

Malamin makarantar allo ya ba mu aron zaurensa ran Alhamis, tun da ya ke ran nan ba karatu. Muka sa lokaci daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 5, a tashi a yi La'asar a koma. Da rana muka zaɓa da gangan, don wutar lantarki ba abin dogara ba ce, ɗinki a hasken fitila kuwa shi ya cinye idon mutane da yawa. 'Yammatan da ke makarantar boko su kan iske mu in an tashe su.

Ran farko mutum 31 suka zo, har zaure ya kasa ɗauka. Muka yi ta murna, ashe ba mu san dawan garin ba. Ji aka yi wai gwamnati ce za ta raba kekunan ɗinki. Da aka ga ba keke sai allura, a mako na huɗu mutum 9 suka rage. Kada wannan ya karya wa kowa zuciya in ya same shi. Da waɗannan 9 aka kafa taron, yau kuwa mu 17 ne, ban da yara maza 3 da su ke zama a bakin ƙofa kusa da Baba.

Kowa yana zuba sidi 5 a mako, kamar yadda a ke zubin adashi. Akwatin kuɗi yana hannun mutum ɗaya, makulli yana hannun wata, littafi yana hannun ta uku, kuma ba a buɗewa sai a gaban jama'a. Wadda ba ta da shi a wannan mako ba a korarta, a rubuta mata bashi, ba a kuma faɗa da ƙarfi.

ƊINKIN GICIYE

Nan da nan muka gane ba a fara koyo da aska takwas. Baba ya zana wa mutane aiki a ƙyalle, hannuwan da ba su saba ba suka yi ta kwaɓa shi, shi kuma ba ya gani balle ya gyara. Sai Allah ya kawo mana wata Malama, 'yar Zongo ce haifaffiya, ta yi aikin koyarwa har ta huta. Tana cikin 'yammatanmu na farko da suka shiga boko bayan dokar ilmi ta 1961 ta zamanin Nkrumah. A can ta koyi ɗinkin giciye, wanda asalinsa a ƙasar nan daga makarantun mishan ne. 'Yan mishan na Basel sun sauka Osu a 1828, suka buɗe makarantar 'yammata a can a 1843, ɗinki kuwa yana cikin manyan darussansu. Iyayenmu sun ƙi kai 'ya'yansu can don tsoron addini, ba mu kuwa ga laifinsu ba, amma allura ba ta da addini.

Ga yadda aikin ya ke, don masu so su gwada a gida. Ana samun yadi wanda saƙarsa ta fito gida-gida daidai, da 'yan ramuka a kusurwar kowane gida. Wanda aka yi musamman don wannan aiki sunansa Aida, wanda aka fi amfani da shi kuwa yana da gida 14 a kowane inci. Watau zanen da ya ke da gida 70 a tsaye da 70 a kwance zai ci inci 5 kowane gefe. A bar rarar yadi kamar inci 3 a kewaye. In ba a sami Aida ba, ko ya yi tsada, yadin nan mai gida-gida irin na rigar 'yan makaranta ya isa mai koyo, da shi mu ma muka fara.

Zaren yana zuwa a ƙulle, tsawonsa mita 8, kuma sili 6 ne aka murɗe wuri ɗaya. Ba a ɗinki da shi duka. A yanko kamu ɗaya, kada ya fi haka don ya kan sarƙe, a zare sili 2 a zura a allura. Allurar kuwa marar tsini a ke so, mai faɗin kafa, domin ba huda yadi za ta yi ba, ramin da ke nan za ta bi. A ninka yadi huɗu a sami tsakiya, daga nan a ke farawa, don kada zane ya ƙare a gefe ɗaya ya bar ɗaya fili. Kowane gida a ja zare daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, a bi layi har ƙarshe, sa'an nan a komo ana gicciye su. Sharaɗi biyu Malama ba ta sassautawa. Na ɗaya, zaren da ke bisa ya kwanta fuska ɗaya tun daga farkon aiki har ƙarshensa, in ba haka ba aikin zai yi dabbare-dabbare in haske ya buge shi. Na biyu, ba a ƙulli a baya, sai a tura wutsiyar zare ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi. In yarinya ta kawo mata aiki ba ta duban gabansa, juya shi ta ke yi ta dubi baya.

Amfanin wannan ɗinki ga mai koyo shi ne ƙirga a ke yi. Wadda ba ta iya zane ba, in dai ta iya ƙirga goro, ta iya shi. Cikin wata biyu hannuwa suka faɗa, aka san yadda a ke jan zare ba a tsuke yadi ba, ba a kuma bar shi sako-sako ba.

Baba fa da fari bai ɗauki abin da daraja ba. Aka miƙa masa wani aiki ya shafa, ya ce, "Wannan ai darni ne, ba ɗinki ba." Malama ta ce, "Baba, da darni a ke fara gida." Aka yi dariya, amma mun ga kowannensu ya riƙe abin a zuci, har muka ji tsoron ɗayansu zai daina zuwa. Abin da ya sulhunta su littafin lissafi ne na 'yan makaranta, mai gida-gida. Ran nan Malama tana cike gidaje da fensir tana fitar da zane, sai Baba ya tambaya me ta ke yi. Da aka kwatanta masa sai ya ce, "Af, ashe hatimi ne." Ya ce a kawo masa dagi. Ya riƙa faɗa, gida kaza dama, gida kaza ƙasa, nan zare ya hau, nan ya shiga ƙarƙashi, wata yarinya tana cikewa. Da aka gama sai ga dagi ya fito sarai, ba inda igiyarsa ta yanke.

Tun daga ran nan kowace Alhamis a kan ware rabin sa'a, Baba yana faɗa ana rubutawa. Wanda ya shiga gida-gida a sa shi a littafin lissafi. Wanda bai shiga ba, kamar tambari, wanda in an ƙirga shi ya kan fito da kusurwa kamar matakala, sai Baba ya zana shi da gawayi a babbar takarda da girmansa na ainihi, hannunsa yana tafiya ko da ido bai bi ba, yara su bi sawun da tawada. A ƙarƙashin kowane a rubuta sunansa da boko da ajami, da wurin da a ke sa shi a jikin riga ko hula, da irin zaren da ya dace da shi. Yau muna da zane 23. Mun yi kofe biyu, ɗaya yana wurin Magajiya, don mun ga yadda gobara ta ke yi a kasuwannin ƙasar nan. A ganinmu ko da taron ya watse gobe, wannan littafi ya biya wahalar.

Liman ya ja mana kunne a kan abu ɗaya, muna kuma isar da shi: kada a ɗinka aya ko sunan Allah a zanen gado, ko rigar matashin kai, ko wani abin da za a zauna a kai ko a jefa cikin wanki. Mai son yin wannan ya yi shi a ƙyallen da za a sa a gilashi a rataye a bango.

JAN ZARE

Yanzu ga abin kunyar. Aikin kuɗi na farko da muka samu zanen gado ne da rigunan matashi biyu na kayan ɗakin wata amarya. Mutum huɗu suka yi mako bakwai a kansa, furanni ja da kore a kan farin yadi. Da za a sayi zare, muka ga na kamfanin DMC na Faransa da na Anchor sun yi mana tsada, sai wani mai tebur a kasuwa ya nuna mana wani mai kama da su, har da 'yar takarda a ɗaure, a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ya rantse mana ba ya zuba. Muka saya muna ganin mun yi dabara.

Saura kwana biyar a kai kaya aka ce a wanke a goge. Ana tsoma shi a ruwa sai ja ya tashi kamar an yanka kaza. Farin yadi ya koma ruwan hoda, ba sabulun da bai gani ba. Uwar amarya ta zo ta gani, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Hajiya, da kun gaya mini ba ku iya ba, da na sayi na kanti." Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Muka kwashe abin da ke cikin akwati duka muka biya ta yadinta, muka koma ba ko kwabo, mutum biyu kuma suka bar taron saboda wannan.

Arha ba ta ado. Yanzu ba zaren da ke hawa yadi sai an yanki guntunsa an jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, an matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar alama, a mayar wa mai shi. Ja da baƙi da shuɗi su suka fi yin wannan. Kuma in za a sayi launi, a sayi abin da zai gama aikin gaba ɗaya, a ajiye 'yar takardar da ke da lambarsa, don wanda za a sayo daga baya ya kan ɗan saɓa. Sauran ƙananan abubuwa kowa zai gano da kansa: da damina allura ta kan yi tsatsa cikin kwana kaɗan in an bar ta a soke a yadi, ta bar tabo, da hunturu kuma ƙura ce, sai a naɗe aiki cikin tsohon zane. Wadda ta taso daga suyar ƙosai ko ta taɓa manja, ga buta da sabulu a bakin ƙofa.

Batun rabon kuɗi ma ya so ya raba mu. Masu saurin hannu suka ce ba za su yi daidai da masu nawa ba, masu nawa suka ce ai da zubinsu aka sayi zaren. Sai da Magajiya ta zauna da mu sau biyu. Abin da aka tsaya a kai shi ne, in an sayar da aiki a fara mayar da kuɗin yadi da zare cikin akwati, a fid da ushiri na taro, a ba mai zane ladansa dabam kamar yadda a ke yi tun da, saura na wadda ta ɗinka ne. In mutum biyu ko uku suka yi tarayya, su daidaita rabonsu tun ba a zura allura ba, a rubuta a littafi.

Kada kuwa wani ya shigo da zaton zai yi arziki. Hula guda ta kan ci wa gwanarmu mako uku, tana yi tana girki tana reno. In ta kai ta kasuwa sai mai saye ya ɗauko ta inji ya ce ga wannan a rabin kuɗin. Masu sayenmu na gaskiya su ne waɗanda suka san bambanci, da 'yan'uwanmu da ke London da Hamburg da New York, waɗanda in sun zo gida su ke neman abin da za su koma da shi su nuna wa 'ya'yansu. Abin da a ke samu ya kan sayi sabulu da littattafan yara, wata gwauruwa cikinmu kuma da shi ta biya kuɗin jarrabawar ɗanta. Ban da wannan akwai zaman kansa. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta duka suna waje, ta ce mana daga Alhamis zuwa Alhamis ba mai kiran sunanta sai a zauren nan.

RIGAR FA?

An ɗaura aure ba da ita ba. Ango ya sa shadda mai aikin keke, ya yi kyau abinsa. Zaren tsamiya ba a samunsa a nan, sai da muka ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano sallahu, ya yi wata huɗu kafin ya kawo. Baba kuma ya hana a taɓa rigar sai da 'yammata biyu da yaro ɗaya suka ɗinka aska a ƙyallen gwaji sau biyar biyar. An sa mata ƙyalle ta ciki inda asu ya ci, an gama aska ɗaya bayan Ƙaramar Salla ta 2025, ana kan ta biyu. In sun yi ɗan yatsa guda sai su miƙa masa, ya bi da kan yatsa, in ya ji tudu ko rami ya ce, "'Yata, warware." Wani lokaci aikin yini guda a ke warwarewa. Yarinyar da ta fi kuka a kan wannan ita ce yanzu ta ke cewa a warware tun Baba bai taɓa ba.

Muna roƙon jama'a abu biyu. Duk wanda ke da tsohuwar riga, ko wando mai aiki, ko hula ta kakanni a cikin adaka, ya ba mu aro na yini ɗaya mu kwafi zanen, a gabansa za a yi, ba za ta kwana a hannunmu ba. Wanda kuma ya san wani tsoho ko tsohuwa mai wannan sani, a nan Kumasi ko a wani Zongo, ya sanar da Magajiya, mu za mu je mu same shi. Masu son shiga kuwa su zo ran Alhamis da ƙarfe 2, da almakashi in suna da shi, da littafin lissafi sabo. Allura da zaren makon farko taro ne zai bayar.